Me ya sa gidan tarihi zai bar jirgin yaƙi a lalace, alhali yana da kuɗin gyara shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni fanel bita ne a Kano, shekarata ashirin da wani abu a sana'ar. Na ga bidiyon wani gidan tarihi na Landan inda aka ajiye wani ƙaton jirgin sama na Yaƙin Duniya na Biyu kwance a ƙasa, duk ya lotse, fenti ya ɓare, alhali na kusa da shi suna ta ƙyalli. Kuɗi ne suka ƙare musu ko kuwa? Ta yaya ma ake gyaran waɗannan jirage tunda kamfanoni sun daina yin kayansu? In an gyara suna tashi? Kuma irinsu sun taɓa zuwa ƙasar nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa kwatancen da ka yi, jirgin da ka gani shi ne Halifax mai lamba W1048, wanda ke gidan tarihin sojojin saman Birtaniya a Hendon, arewacin Landan. Da gangan aka bar shi haka. A watan Afrilun 1942 ya je kai hari kan katafaren jirgin ruwan yaƙin Jamus mai suna Tirpitz a Norway, aka harbe shi, wuta ta kama fiffikensa, matuƙin ya lallaɓa ya kwantar da shi a kan tafkin Hoklingen da ya daskare. Mutanen ciki duk suka fita da ransu. Daga baya ƙanƙarar ta buɗe, jirgin ya nutse, ya yi shekara 31 a ƙarƙashin ruwa kafin a ciro shi a 1973. Da farko an yi niyyar gyara shi tsaf. Sai aka lura cewa kafin ya koma sabo, dole a yar da mafi yawan fatar jikinsa a sa wata, wato dai a ƙare da sabon jirgi mai tsohon suna. Sai aka tsabtace shi, aka shafe shi da maganin hana lalacewa, aka kwantar da shi yadda ya kwanta a kan ƙanƙarar.

Su kuwa mutanen Kanada wata hanyar suka bi. Nasu Halifax ɗin, NA337, shi ma daga wani tafkin Norway aka ciro shi, tafkin Mjosa, a 1995. Suka kwashe shekara goma suna aiki a Trenton da ke lardin Ontario, suka buɗe shi a 2005 yana tsaye a kan tayoyinsa kamar yau ya fito daga kamfani. Wanda ya je Trenton zai ga girman jirgin da kamanninsa, wanda ya je Hendon zai ga abin da yaƙi ya yi masa. Masana har gobe suna musu a kan wanne ya fi, kuma zan gaya maka ra'ayina can gaba.

Bambancin aikinka da namu, mu masu adana kayan tarihi, shi ne, kai mai mota ya kawo maka don kada kowa ya gane an taɓa buge ta. Mu kuma in muka ɓatar da wurin bugun, mun ɓatar da shaida. Shi ya sa fila ta cike lotsawa, wadda ita ce abokiyar aikinka, a wajenmu sai dole.

Yanzu ga abin da ke cin waɗannan jirage. Jikinsu alminiyam ne, sanholo ke nan, amma ba irin na tukunya ba, an gauraya shi da jan ƙarfe da wasu ƙarafa don ya yi ƙwari. Wannan gaurayen shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma ciwonsa. Mutane na cewa sanholo ba ya tsatsa. Ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, gaskiya ne, amma yana yin tasa, wani farin gari kamar wanda kake gani a kan batirin mota. Misalin batirin ma ya dace sosai: duk inda noti na baƙin ƙarfe ya haɗu da sanholo, danshi ya shiga tsakaninsu, to ƙaramin batir ya haɗu, kuma sanholon ne ke narkewa a hankali. Jirgi guda yana da dubban ɗaruruwan ribit (ƙusoshin haɗa falle) da notuna, kowanne kuwa kafa ce ta shigar danshi. Akwai kuma mugun nau'in da ke bi ta cikin naman ƙarfen. Daga waje ƙashin fiffike lafiya lau, ka sa farce a gefensa sai ya riƙa tashi falle-falle kamar littafin da ruwa ya jiƙa ya bushe. In ya kai haka babu magani sai a yanke. Sassan da aka yi da maganiziyam, kamar wasu ƙafafun taya, su ma fi saurin zama gari.

Sai tsuntsaye. Kashinsu na cin ƙarfe, sheƙarsu kuma tana riƙe ruwa a lungun da ido bai kai ba. Enola Gay, jirgin B-29 na Amurka da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ran 6 ga Agusta 1945, ya yi shekaru a waje a sansanin Andrews kusa da Washington, tsuntsaye suka mai da shi gida, masu son abin tunawa suka ɓalle abin da suka iya. Aikin gyaransa ya fara a 1984, ya ci kusan awa 300,000 na aikin hannu, sai a ƙarshen 2003 aka nuna shi a haɗe.

Inda babu danshi kuwa, abin mamaki ne. Wani B-24 na Amurka mai suna Lady Be Good ya ɓace a watan Afrilun 1943 yana dawowa daga harin Naples, ya wuce sansaninsa a Libiya cikin dare ya faɗa can cikin Sahara. Masu neman man fetur suka hango shi a 1958. Da aka isa wurin, rediyonsa na aiki, bindigoginsa na aiki. Hamada ta riƙe shi shekara goma sha biyar lafiya. Bayan an san inda yake, 'yan Adam suka tsige shi kamar kaza, har gwamnatin Libiya ta kwashe ragowar zuwa Tobruk a 1994.

To yaya ake gyaran? Ɗauki Memphis Belle, jirgin bam na Amurka samfurin B-17 da ya yi suna saboda ma'aikatansa sun kammala hari 25 a kan Turai a watan Mayun 1943. Birnin Memphis ya saye shi dala 350 bayan yaƙi, ya yi kusan shekara arba'in a fili, ɓarayi suka kwashe agogunan gaban matuƙi da duk abin da ke kwancuwa. A 2005 aka kai shi gidan tarihin sojojin saman Amurka a Dayton, jihar Ohio, ba a buɗe shi ga jama'a ba sai 17 ga Mayu 2018. Shekara goma sha uku ke nan.

Aikin farko ba na guduma ba ne, na alƙalami da kyamara ne. Kowane yanki sai an ɗauki hotonsa a mazauninsa, an ba shi lamba, an rubuta halin da yake ciki, sannan a kwance shi. Fentin da aka yi ta lafta wa jirgin daga baya ana cire shi ne sannu a hankali, ba da yashi ba, don yashi zai cinye siririn rufin da ke kare fatar kuma ya lanƙwasa ta. Akan fesa ƙananan ƙwayoyin roba, ko garin ɓawon gyaɗar Turawa, ko busasshiyar ƙanƙara. A wasu wuraren ma da hannu ake kankarewa, shimfiɗa bayan shimfiɗa, har a iso launin asali a auna shi. A jikin Memphis Belle, ƙarƙashin fentin baya, an tarar da sunayen mutane birjik waɗanda suka karce da ƙusa ko wuƙa lokacin da aka zagaya da shi biranen Amurka a 1943 don tara kuɗin yaƙi. A wajen mai gyaran mota wannan karce ne da za a shafe. Su kuwa ma'aikatan gidan tarihin sai da suka rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Don gane inda kowane tabo da kowane rubutu yake, sun yi ta nazarin hotunan fim masu launi da aka ɗauka a Ingila lokacin yaƙin.

Kayan gyara ta hanya uku ake samunsu. Akwai tsofaffin da ba a taɓa amfani da su ba, suna nan a rumbunan masu tarawa, wasu ma da maiƙon kamfani a jikinsu. Akwai na gawar wani jirgin irinsa, kamar yadda kuke ciro ƙofa daga motar da ta mutu. In duka biyun sun gagara sai a ƙera, a koma zanen kamfani na asali, wanda yawanci an adana shi a ƙananan fina-finan ajiya, a sassaƙa katako daidai siffar abin, a buga sanholon a kansa da gudumar itace. A nan hannunka zai yi daraja, Malam, domin masu iya lanƙwasa falle da hannu ba tare da ya tsage ba sun yi ƙaranci, galibinsu dattawan da suka yi ritaya ne ke zuwa aikin sa kai. Sharaɗi ɗaya ne: duk abin da aka ƙera sabo sai an buga masa alama da shekara a ɓoyayyen gefe, don kada wanda zai zo bayan shekara hamsin ya ɗauka na 1942 ne. Haka nan gam ko kakin da za a shafa, ana zaɓar wanda za a iya wankewa gobe in an gano wanda ya fi shi.

Wanda ya fito daga teku shi ya fi wuya, saboda gishiri ya shiga ƙarfen. Wani jirgin bam Dornier 17 na Jamus da aka ciro daga tekun kudancin Ingila a watan Yunin 2013 ba a yarda ya bushe ba. An kai shi gidan tarihin sojojin sama da ke Cosford a Ingila aka sa shi cikin rumfunan leda irin na masu lambu, ana fesa masa ruwa mai sinadarin tsamin lemo dare da rana, wata da watanni. Da an bar shi ya sha iska da gishirin a jikinsa, da ya ruɓe a idonsu.

Akwai haɗarin da baƙo ba ya zato. Lambobin agogunan gaban matuƙi an shafe su da fenti mai radiyam, wani sinadarin nukiliya, don su haska da dare. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma radiyam ɗin na nan daram, sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, kuma ƙurarsa in ta shiga huhu masifa ce. Ga asbestos, wani zaren hana zafi mai cutar da huhu, a kewayen bututun zafi, ga koren fentin shimfiɗar farko mai guba. Tsohon agogon jirgi ba abin buɗewa da sukundireba a shago ba ne.

Ra'ayin nawa da na ce zan faɗa: ina tare da masu barin tabo. Akwai wani B-26 mai suna Flak-Bait a hannun cibiyar Smithsonian ta Amurka, ya kai hari sama da 200, jikinsa da faci sama da dubu na raunin harsashi. Fentinsa na asali ne, ya koɗe, ya ɗaɗɗaye. Masu aikinsa da ƙananan buroshi da allura suke bi suna manne ɓawon fentin da ya ɗaga, ba su yarda a sake fesa shi ba. Kowane faci a jikinsa wani makanike ne ya buga shi cikin sanyi da gaggawa don jirgin ya koma washegari. In aka yi masa sabon fenti ya zama kamar kowane B-26. Na yarda dai cewa jirgin da aka riga aka ɓata da fenti bakwai, kamar Memphis Belle, babu asalin da ya rage a samansa da za a kare, gara a mayar da shi kamanninsa na wata rana takamaimai.

Batun tashi kuwa, galibi na gidan tarihi ba ya tashi, ko da injinsa zai iya. Ana tsiyaye mai, a cika silinda da maiƙon ajiya, a ɗora jirgin a kan ƙafafun ƙarfe don tayoyi su huta, a rage haske saboda yana fasa gilashin roba yana cin yadin da aka lulluɓe jela da shi, a riƙe danshin ɗakin ƙasa-ƙasa. Masu tashi daban suke, kuma kaɗan ne. Cikin jiragen bam na Birtaniya samfurin Lancaster 7,377 da aka ƙera, biyu ke tashi yau, ɗaya a Ingila ɗaya a Kanada. B-29 ma biyu ne. Kafin hukuma ta bar tsohon jirgi ya tashi, duk abin da ya gaji sai an canza shi, don haka asalinsa raguwa yake yi kowace shekara. Ga kuma kasada. B-17 mai suna Nine-O-Nine ya faɗi a Connecticut a watan Oktoban 2019, mutum bakwai suka mutu. Wani B-17 ɗin ya yi karo da ƙaramin jirgin yaƙi a bikin nuna jirage a Dallas a Nuwamban 2022, mutum shida suka rasu. Ƙarar injinansu huɗu a sama abu ne da ba a mantawa, ban musa ba, amma jirgin da shi kaɗai ya rage ba zan so ya bar ƙasa ba.

Tambayarka ta ƙarshe, ai ta kanku ma suka wuce. Daga watan Satumban 1940 Birtaniya kan kawo jirage a akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce N'Djamena a yau, su bi ta El Geneina da El Fasher zuwa Khartoum da Alƙahira. Sau da yawa jirgin bam samfurin Blenheim ne ke gaba yana nuna wa ƙananan jiragen yaƙi samfurin Hurricane hanya. Dubban jirage suka bi wannan layi, kuma ba duka suka isa ba. A gidan tarihin yaƙi na Umuahia ma akwai jirgin bam Ilyushin 28 na lokacin yaƙin basasa, a fili yake, a yankin da ruwan sama ba ya wasa, kuma ka riga ka ji abin da danshi ke yi.

In wata rana 'yan gwangwan suka kawo maka fallen sanholo mai layin ribit a jere da ka ga bai yi kama da na mota ba, kada ka goge shi da burushin waya, kada ka kai masa wuta. Tambayi inda aka samo shi, ɗauki hotonsa ciki da waje, ka kai labari Gidan Makama. Ka duba ko akwai ɗan ƙaramin faranti da aka buga wa lambobi a jikinsa, domin da waɗannan lambobin ake gane irin jirgin, wani lokacin har a gano ko wanne ne da ranar da ya faɗi.