Tambaya da Amsa: Ma'ana da Aikin Zubin Mutum-mutumin Buddha na Jan Ƙarfe

Tambaya: A hotunan ƙasashen Asiya nakan ga mutum-mutumin Buddha, wani ya taɓa ƙasa da hannu, wani ya ɗaga tafi, ga dogayen kunnuwa da ƙullutu a ka. Ado ne kawai ko da ma'ana? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Malama, kusan babu abin da maƙerin ya sa don ganin dama. A ƙarnonin farko mabiya addinin Buddha ba su siffanta shi da surar mutum ba, sai dai su zana sawun ƙafa ko karaga babu kowa a kai. Wajen ƙarni na 1 miladiyya aka fara sassaƙa shi a Gandhara, cikin Pakistan ta yau, da Mathura ta Indiya, daga nan ƙa'idojin suka zauna.

Hannu ake fara dubawa. Idan yana zaune, yatsun hannun dama sun taɓa ƙasa, ana nuna daren da mabiyansa suka yi imani ya sami wayewar ruhi a Bodh Gaya ta Indiya, inda ya kira ƙasa ta zame masa shaida. Hannu biyu a kan cinya, ɗaya bisa ɗaya, zurfin tunani ke nan. Tafin dama a ɗage yana kallon mai kallo na nufin kada a ji tsoro. Idan kuma hannayen suna daidai ƙirji, babban yatsa da manuni sun haɗu, wa'azinsa na farko ne a Sarnath ta Indiya. Dogayen kunnuwan suna tuna cewa ɗan sarki ne da ya saba da manyan 'yan kunne masu nauyi, ya tuɓe su ya bar gidan sarauta. Ƙullutun kan, da suke kira ushnisha, alamar hikima ce, kuma yana cikin alamomi 32 da littattafansu suka lissafa. Furen da yake zaune a kai, mai kama da bado, yana fitowa daga taɓo amma ba ya ɓaci.

Har tsawon jiki a ƙayyade yake. A tsarin Tibet ana auna shi da faɗin yatsan mutum-mutumin kansa, yatsu 120 ko 125 daga sama zuwa ƙasa, gwargwadon littafin da ake bi.

Tambaya: Ni maƙerin fari ne. Na ji an ce 'yan Nepal da jan ƙarfe zalla suke zubi, alhali mu mun san ba ya bin mazubi kamar tagulla. Yaya suke yi? Daga wani mai karatu, Kano.

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma wahalar da ka faɗa su ma suna shan ta. Cibiyar sana'ar ita ce Patan a kwarin Kathmandu, a hannun 'yan ƙabilar Newar, musamman zuriyar Shakya. Dabarar ita ce zubin kaki, irin wadda aka yi kawunan Ife da Benin da ita.

Da kakin zuma ake farawa, a narka shi da ƙaron wani itace da suke kira sal da ɗan man shanu. Ƙaron ke ba shi tauri, man kuma laushi, don haka haɗin lokacin zafi ya fi yawan ƙaro. Da wannan ake gina surar, a bar cikinta rami, kaurin bangon 'yan milimita kaɗan. Duk kaurin da kaki ya yi, shi ƙarfe zai yi. A nan ake lissafin ƙarfe: jan ƙarfe ya ninka kaki nauyi kusan sau 9, saboda haka surar da ta ci gram 500 na kaki tana bukatar kusan kilo 4 da rabi, ban da abin da hanyoyin zubi za su sha. Wanda ya narka ƙasa da haka zai tarar da mazubi bai cika ba, kuma ba a ƙara zubi na biyu a kan na farko ya haɗe sumul.

Sai a liƙa sandunan kaki da za su zama hanyar shigar ƙarfe da ta fitar iska. Shafin farko ruwa-ruwa ne, na tataccen yumɓu da kashin shanu, ana tsomawa ana shanyawa a inuwa. Shi ke ɗaukar duk zanen da ke jikin kakin. Idan aka bar kumfar iska a ƙarƙashinsa, za ta fito ƙurji a jikin ƙarfe. Bayansa sai shafe-shafe masu kauri na yumɓu da buntun shinkafa. Buntun yana ƙonewa a wuta ya bar ƙananan kafofi da tururi zai bi. Ana kuma soka ƙusoshi su ratsa kakin, su riƙe yumɓun da ke cikin ramin surar. Idan babu su, da zarar kaki ya tsiyaye sai na cikin ya karkata, gefe ɗaya ya yi kauri, ɗayan ya huje. Shanya a rana kai tsaye tana tsaga mazubi, don haka bushewar takan ɗauki kwanaki, manya ma makonni.

Idan aka ɗora mazubin a wuta, kaki yana narkewa tun bai kai digiri 65 ba, sai a tare shi don wani aikin, a ci gaba da gasa mazubin. Jan ƙarfe kuwa sai ya kai digiri 1,085 yake narkewa, sama da tagulla, kuma yana saurin daskarewa. Babbar matsalarsa shan iska: yana narke yana zuƙar ta, yana hucewa yana fitar da ita, sai jikin ya cika da ƙananan ramuka. Maganin shi ne a rufe saman narkakken da gawayi, mazubin ya bushe ƙayau, a kuma zuba tun yana da zafi, a lokaci guda ba tsayawa. Ɗigon danshi a cikin mazubi ya isa ya watso ƙarfe a fuskar mai zubi.

Ko da an kiyaye, da wuya a fasa mazubi a sami jiki babu aibi. Ramukan ana cike su da guntun jan ƙarfe a daka, sannan a bi da magagari. Kalmasar riga da layin gashi da zanen kambi duk bayan zubi ake fitar da su da ƙananan cizal, kuma a ganinmu nan ne ake rarrabe gwani da ɗan koyo, fiye da wurin zubin.

Tsohon misalin zubin jan ƙarfe shi ne Buddhan Sultanganj, da aka tono a jihar Bihar ta Indiya wajen 1861 ana aikin layin dogo. Tsawonsa mita 2.3, nauyinsa ya haura kilo 500, yanzu yana gidan tarihin Birmingham a Ingila. Babban Buddhan Nara a Japan kuwa, mai kusan mita 15, na tagulla ne, kuma hawa-hawa aka zuba shi har sau 8.

Tambaya: To me ya sa ba su huta da tagulla ba? Kuma ruwan zinaren da ke jikin mutum-mutumin fenti ne? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, amsar tambayoyinka biyu ɗaya ce. Jan ƙarfe ya fi karɓar zinare, tagulla kuwa gauraye ce, idan tana da dalma takan ɓata shafin da tabo. Ana yanka zinaren siriri a niƙa shi da zaiba har ya zama kamar kwaɓi, a shafa a jikin da aka wanke tas, a kara a wuta. Zaiba tana tafasa a digiri 357, sai ta tashi ta bar zinaren a manne. A lokacin launinsa dusu-dusu ne, sai an goge da dutse mai santsi yake ƙyalli. Inda maiƙo ya rage, zinare ba ya kamawa. Hayaƙin zaiba guba ne mai lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya sa rawar hannu, don haka kada kowa ya gwada shi a gida ko a rufaffen shago.

Fuska daban take. Da garin zinare da aka kwaɓa da danƙo ake shafa ta, shi ya sa ba ta sheƙi, kuma jiƙaƙƙen tsumma na iya share ta. Busasshen buroshi mai laushi kawai ake kai mata.

Tambaya: An ce ana cusa wasu abubuwa a cikinsa. Haka ne? Daga wata mai karatu, Kumasi.

Amsa: Haka ne, Hajiya, a al'adar Tibet da Nepal. Ana tsayar da sandar itace mai ƙamshi a tsakiya, a kewaye ta da naɗaɗɗun takardun addu'o'i da turare da hatsi, a toshe ƙasan da farantin jan ƙarfe. Idanu ne ƙarshen aiki, kuma a wurin masu addinin sai an zana su an yi bikin keɓewa ya tashi daga kayan ƙira. A bikin Nara na shekarar 752, wani malamin addinin ɗan Indiya mai suna Bodhisena ne ya zana idanun.