Tambaya da Amsa: Yaushe Ya Kamata a Juya Kujerar Yaro ta Mota Ta Fuskanci Gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana yana da shekara ɗaya da wata huɗu, nauyinsa kilo 10 da rabi. Tun daga haihuwarsa muke sa shi a kujerar yara ta mota yana fuskantar baya. Yanzu ƙafafunsa sun fara tokarar majinginar kujerar motar, surukata ta ce muna takura wa yaro, ƙafafunsa za su lanƙwashe, maigidana kuma yana ganin gara a juya shi ya fuskanci gaba don ya riƙa ganinmu ya rage kuka. Kujerar irin wadda ake iya juyawa ce, kuma an rubuta a jikinta cewa tana ɗaukar kilo 18 idan tana fuskantar baya. Muna yawan bin hanyar Kaduna zuwa Kano. Mene ne shawararka? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya raya mana shi bisa lafiya. Shawarata ita ce kada ku juya shi yanzu. Yaro mai kilo 10 da rabi a kujerar da aka ƙera don ɗaukar kilo 18 yana da sauran sarari mai yawa, domin yara a wannan shekarun sukan ƙara kilo biyu zuwa uku ne a shekara, saboda haka yana iya kaiwa shekara uku ko ma huɗu a haka, muddin tsawonsa bai riga nauyinsa cika kujerar ba. Kun riga kun yi abin da ya fi muhimmanci tun da kuka saya masa kujera, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce amfani da ita yana rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kimanin kashi 71 cikin 100. Abin da ya rage shi ne kada a rage wa yaron kariyar da yake da ita tun lokaci bai yi ba.

Dalilin duka yana wuyan yaro ne. Kowace uwa ta san wannan tun kafin wani likita ya gaya mata, shi ya sa ba a ɗaukar jariri sai an tallafi ƙeyarsa da tafin hannu, kuma idan goyo ya yi barci kansa ya langaɓe, sai a ja zani sama a tare masa wuya. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa gaba ɗaya, alhali kan babba bai wuce kashi 6 cikin 100 ba. Wannan kai mai nauyi kuwa yana zaune ne a kan ƙasusuwan wuya waɗanda ba su gama ƙwari ba, akwai sauran guringuntsi a tsakaninsu, jijiyoyin da suke riƙe su kuma masu taushi ne. Idan aka fizgi kan ƙaramin yaro da ƙarfi, ƙashin bayansa yana iya miƙewa kamar roba har kimanin santimita 5, amma lakar da ke cikinsa ba ta jure miƙewar ko da santimita ɗaya ba tare da ta tsinke ba. Tsinkewar laka a wuya kuwa ko dai ta shanye jiki har ƙarshen rayuwa, ko ta yi ajali nan take.

To, mu dubi abin da yake faruwa idan mota ta yi taho-mu-gama ko ta daki wani abu da gabanta, wanda shi ne nau'in haɗarin da ya fi yawa cikin masu muni. Mota tana tsayawa cikin ƙiftawar ido, amma duk abin da yake cikinta yana ci gaba da tafiya da gudun da take yi. Karo a gudun kilomita 50 cikin awa ɗaya, gudun da ake yi a cikin gari ba tare da an ɗauke shi gudu ba, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar daga hawa na uku na bene. Yaron da yake fuskantar gaba, maɗaurai za su riƙe kafaɗunsa da ƙugunsa, amma babu abin da yake riƙe da kansa, sai kan ya yi gaba da dukan nauyinsa, wuya ya ɗauki fizgar shi kaɗai. Yaron da yake fuskantar baya kuwa, ƙarfin karon cusa shi yake yi cikin ƙoƙon kujerarsa, kai da wuya da gadon baya su tafi tare a jere, nauyin ya bazu a kan bayan gaba ɗaya, wanda shi ne wuri mafi faɗi da ƙarfi a jikinsa. Kujerar tana yi masa aikin da tafin hannunki ya yi masa ranar suna.

Wannan dabara ta samo asali ne daga ƙasar Suwidin. A farkon shekarun 1960 wani farfesa mai suna Bertil Aldman ya lura da yadda 'yan sama-jannatin Amurka suke kwanciya rigingine a cikin kumbo domin bayansu ya ɗauki ƙarfin tashi, sai ya ga cewa haka ya kamata a yi wa yara a mota. A 1964 ya fito da samfurin farko na kujera mai fuskantar baya, kamfanin Volvo kuma ya fara sayar da tasa a 1972. Har yau al'adar iyaye a can ita ce yaro ya juya wa hanya baya har ya kai kimanin shekara huɗu, kuma ƙasar tana cikin waɗanda suka fi kowa ƙarancin mutuwar ƙananan yara a cikin mota.

Mai yiwuwa maigidanki ya ji cewa ana juya yaro da zarar ya kai wata 15, kuma akwai inda maganar ta samo tushe. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R129, wadda ake kira i-Size, da ta fara aiki a Turai a 2013, ta wajabta cewa yaro ya fuskanci baya har zuwa wata 15. Amma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta amince da shi, kuma da yawa daga cikin kujerun da aka ƙera bisa wannan ƙa'ida suna ba da damar ci gaba da fuskantar baya har yaro ya kai tsawon santimita 105. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawara a 2011 cewa a jira har shekara biyu, sannan a 2018 ta cire maganar shekaru gaba ɗaya, ta ce a bar yaro yana fuskantar baya har sai ya kai iyakar nauyi ko tsawon da masu ƙera kujerarsa suka gindaya. Ya kamata in faɗa miki gaskiya a kan wani abu guda: akwai wani bincike na 2007 da ya yi fice, wanda ya ce fuskantar baya ta ninka fuskantar gaba tsaro har sau biyar, kuma daga baya an janye shi saboda kuskuren lissafi, don haka idan kin ga wannan adadi yana yawo a intanet kada ki kafa hujja da shi. Janye shi bai sauya yadda aka halicci wuyan yaro ba, bai kuma sauya abin da gwajin karo yake nunawa game da ƙarfin da wuya yake ɗauka a kowane zama ba, shi ya sa shawarar likitoci ta tsaya a inda take.

Maganar ƙafa ita ce ta fi damun iyaye da kakanni, kuma ina ganin damuwar Hajiya surukarki ta ƙauna ce, ya kamata a amsa mata cikin ladabi. Gaɓoɓin yaro ba irin namu ba ne. Ki lura da shi idan yana wasa a kan tabarma, za ki ga ya harɗe ƙafafu, ko ya tanƙwashe su, ko ya ɗaga ɗaya har kusa da bakinsa, babu abin da yake damunsa. Haka yake yi a mota, ko ya jingina ƙafafun a majingina, ko ya rataye su gefe da gefe. Shi kansa goyo ƙafafun yaro a buɗe suke a tanƙwashe na tsawon sa'o'i, kuma bai taɓa hana ɗan Bahaushe tafiya ba. Wannan zama ba ya lanƙwasa ƙashi. Karayar ƙafa ga yaro mai fuskantar baya abu ne da ba kasafai ake gani ba, kuma ko da ta auku, ƙafa ana ɗora ta ta warke cikin makonni, laka kuwa ba a ɗora ta. Idan aka yi wa Hajiya bayani da wannan kwatancen, ina kyautata zaton ita za ta fara hana a juya jikanta.

Akwai masu tambayar abin da zai faru idan ta baya aka daki motar. Irin wannan karo yawanci ya fi sauƙi, domin motocin biyu hanya ɗaya suka nufa ko kuma ɗaya tana tsaye, kuma kujeru masu fuskantar baya suna kare yaro da kyau a cikinsa.

Lokacin juyawa yana zuwa ne idan ɗaya daga cikin abubuwa uku ya faru: nauyinsa ya kai kilo 18 ɗin da aka rubuta, ko tsawonsa ya kai iyakar da aka rubuta a takardar da ke manne a gefen kujerar, ko kuma tazarar da ke tsakanin ƙoƙon kansa da ƙarshen saman kujerar ta gaza santimita biyu da rabi, kimanin faɗin yatsu biyu. Wasu kujerun suna da tasu ƙa'idar game da kai, saboda haka littafin da ya zo da kujerar shi ne alƙali. Yara da yawa tsawo ne yake fitar da su kafin nauyi, don haka ki riƙa duba saman kansa duk wata.

Sai dai kujera mai fuskantar baya da aka ɗaura ba daidai ba tana iya zama rufin ido kawai. Na taɓa leƙa motar wani uba da ya kawo 'yarsa rigakafi da hunturu, kujerar mai tsada ce, tana fuskantar baya kamar yadda ya kamata, amma da na kama ta daga gindi na girgiza sai ta yi lilo kamar an ajiye ta ne kawai, yarinyar kuma tana cikin rigar sanyi mai kauri, na zura hannuna gaba ɗaya tsakanin maɗauri da ƙirjinta. Idan an ɗaure kujera da bel ɗin mota ko da ƙugiyoyin ISOFIX, wato maƙalan ƙarfe da ke jikin kujerar motar, bai kamata ta motsa fiye da santimita biyu da rabi ba idan aka girgiza ta a daidai inda aka ɗaure ta. Maɗauran kafaɗa su fito daga daidai kafaɗar yaro ko ƙasa da ita kaɗan, a ja su har sai kin kasa mintsinar maɗaurin da yatsu biyu a kan kafaɗarsa. Rigar sanyi mai kumburi a cire ta, a ɗaure yaro, sannan a lulluɓe shi da bargo ta sama. Kwanciyar kujerar ma a bi alamar da ke gefenta, domin idan ta miƙe da yawa kan yaro mai barci yana faɗowa ƙirjinsa ya takura masa numfashi. Abin da ba ni sassauci a kansa ko kaɗan shi ne sa kujera mai fuskantar baya a gaban mota inda akwai jakar iska mai aiki, domin jakar tana fashewa da ƙarfin da zai daki bayan kujerar daidai inda kan yaro yake. Wurinsa kujerar baya, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa duk yaron da bai kai shekara 12 ba a baya zai zauna.

Game da kuka, sau da yawa ba alkiblar kujera ce take kawo shi ba. A bazara, lokacin da zafi yake haura maki 40 a Kano, iskar na'urar sanyaya mota ba ta cika kai wa yaron da ya juya wa gaba baya, sai ya jiƙe da gumi yana kuka iyaye suna zaton kaɗaici ne. Ku karkata bututun iskar sama don ta zagaya, ku sa masa tufafi marasa nauyi, ki kuma taɓa ƙarfen maɗaurin da bayan hannunki kafin ki sa shi idan motar ta daɗe a rana, domin yana ƙona fata. A tafiyar Kaduna zuwa Kano ki zauna a baya kusa da shi, ku tsaya a Zariya ya sha ruwa ya miƙe ƙafa. Ana sayar da madubi na roba wanda ake ɗaurawa a matashin kujerar baya, direba ya riƙa hango fuskar yaro ta madubinsa, amma a ɗaure shi tamau don kada ya zama makami idan aka taka birki. Da yake yaron da ya juya baya ba a ganinsa daga gaba, ku saba wa kanku duba bayan mota duk lokacin da za ku kulle ta, domin motar da aka rufe a rana tana zama tanderu cikin 'yan mintuna.

Idan lokacin juyawar ya zo, maɗauran kafaɗa za su koma daidai kafaɗa ko sama da ita kaɗan, kuma dole a maƙala igiyar saman kujerar a ƙugiyar da ke bayan kujerar motar, domin ita take rage yadda kan yaro yake yin gaba da kimanin santimita 10 zuwa 15, iyaye da yawa kuwa suna barinta tana reto saboda ba su san aikinta ba. Idan kuma ya cika wannan kujerar da wuri saboda tsawo alhali bai kai shekara uku ba, akwai manyan kujeru masu fuskantar baya da suke ɗaukar kilo 25. In har za ku saya a wurin 'yan gwanjo, ku duba ranar ƙira da ranar ƙarewar wa'adi a jikin robar, domin yawancinsu shekara 6 zuwa 10 suke yi, ku kuma guji wadda ta tsage, ko maɗaurinta ya zare, ko takardar bayananta ta ɓace, tunda mai sayarwa ba zai iya tabbatar muku cewa ba a taɓa yin haɗari da ita ba. Kafin tafiyarku ta gaba, ki sa yaron a kujerarsa a gaban mahaifinsa, ku auna tazarar kansa da saman kujerar, ku karanta iyakar tsawon da aka rubuta a gefe, ku rubuta ranar, sannan ku sake aunawa bayan wata ɗaya.