Amsa ga mai son digiri na uku a tattalin arzikin gwamnati

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena, tun safe na saurari saƙonka, sai yanzu na samu sukuni. Ka ce ka gama digiri na biyu, kana son na uku a fannin tattalin arzikin ɓangaren gwamnati, kuma takenka shi ne tasirin haraji ga bunƙasar ƙasa. To, fanni kam ka zaɓi mai kyau, ina taya ka murna. Amma wallahi taken nan ya yi faɗi da yawa.

Ni ma haka na fara. Na kai wa malamina shafi goma sha biyu, ya karanta na farko, ya cire tabarau ya ajiye a kan takardar, ya ce: "Wane haraji? A kan wa? Alƙaluman suna ina?" Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ranar da ƙyar na yi barci.

Ka duba yadda masana tattalin arziki Kleven da Waseem suka yi a bincikensu na 2013. Sun ɗauki Pakistan kaɗai, harajin kuɗin shiga kaɗai. A tsarin ƙasar na lokacin, da zarar kuɗinka ya haura wata iyaka, ko da kaɗan ne, sai sabon kason haraji ya hau kan kuɗin gaba ɗaya. Suka buɗe bayanan masu biyan haraji, sai ga mutane sun yi cincirindo a ƙasan iyakar, samanta kuma an ragu sosai. Daga wannan cunkoson suka auna yadda haraji ke sauya halin mutane. Ka gani? Tambaya ƙarama, amma tana da amsa. Irin wannan ake nema a wurinka.

Tushen ma kada ka tsallake shi. Ka karanta maƙalar masanin tattalin arziki Samuelson ta 1954 kan kayan da kowa ke amfana da su ba a iya hana wani, kamar tsaron ƙasa. Ka karanta maƙalar 1971 ta wani masanin, Mirrlees, wanda ya tambayi nawa za a karɓa daga mai hali ba tare da an kashe masa gwiwar nema ba. Ya samu kyautar Nobel a 1996.

Sai lissafi, don Allah kada ka raina shi. A nan na ga mutane masu ƙwazo sun sare. Ka koma kan kalkulas da ilimin ƙididdiga, ka koyi manhajar nazarin alƙaluma ta Stata ko R tun yanzu. A Amurka karatun digiri na uku kan ɗauki shekara 5 zuwa 6, biyun farko duk aji ne da jarrabawa. A Ingila 3 zuwa 4 ne, kuma galibi da tsarin bincikenka a hannu za ka nemi gurbi.

Ka rubuto min shafi ɗaya: haraji guda, mutanen da ya shafa, da inda za ka samo alƙaluman. Ka turo ta lambata, in sha Allahu zan duba maka cikin makon nan.