Kabewa ta cika fili da ganye, babu ɗa ko ɗaya

Wani mai aikin lambu a wani gida a Abuja ya rubuto: "Malam, maigidana ya kawo irin ƙatuwar kabewar nan ta Turai. Na zuba mata ragowar takin da muke sa wa ciyawar tsakar gida sau biyu, a jikin buhun an rubuta 30-0-4. Ganye ya yi faɗin faifai, amma fure sai zubewa yake. In ƙara ne?"

Ɗan'uwa, kada ka ƙara ko cokali ɗaya. Takin nan an haɗa shi ne don ciyawa, ita kuwa ganye kawai ake nema a wurinta, ba wanda ke jiran ta haihu. Lambar farko, 30, naitirojin ce, mai sa toho da kore. Ta tsakiya fosfaras ne na saiwa da fure, ga shi sifiri. Ta ƙarshe fotashiyam ne mai gina ɗa, ɗan 4 kacal. To me kake so kabewar ta yi? Ta samu abin yin ganye, ta yi ganye.

Wannan kuskuren na gaji da ganinsa, kuma ba a gidajen manya kaɗai ba. Manomi zai gama zuba wa masara yuriya, ya ga ragowa a gindin buhu, sai ya juye wa kabewar da ke bakin kunya, alhali yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce. Bayan sati biyu yaɗo ya yi kauri, ya yi ruwa-ruwa, ka ɗan lanƙwasa shi ya tsage. Darɓa ta zo ta tare a ƙarƙashin sabon ganye. Furen mace, wanda ke da 'yar kabewa kamar ƙwallon goruba a gindinsa, sai ya yi rawaya ya faɗi. Wanda ya kama ma yakan kumbura da sauri har ya fashe.

Masu gasar wannan iri, Atlantic Giant, wanda Howard Dill na Kanada ya inganta, su ma suna ba da naitirojin, amma da wuri, lokacin da yaɗo ke gudu. Da fure ya kusa sai su ja hannu, ɗa ya kama su koma kan fotashiyam, kuma ɗa ɗaya tak suke bari a gindi. Da haka aka auna wadda ta kai kilo 1,247 a Kalifoniya a 2023.

Yanzu ga abin yi. Fara da duba buhun nan da kyau, don wasu takin ciyawa ana gauraya su da maganin kashe haki mai faɗin ganye, irin su 2,4-D, kabewa kuwa mai faɗin ganye ce. In ka ga sabon toho yana murɗewa, ganye yana ƙudundunewa, to maganin ya taɓa ta, kuma ciyawar da kuke yankewa ma kada ka shimfiɗa mata. In babu wannan, yi mata ban ruwa mai nauyi sau biyu ko uku ya wanke takin ƙasa, ka rage ƙananan rassa. Da sassafe ka tsinko furen namiji, ka cire masa fatar, ka goga a tsakiyar na mace. Ƙudan zuma ba lalle ya shiga wannan duhuwar ba.

Wata Hajiya daga Zariya ta ce ko tokar murhu za ta yi amfani? Za ta yi, Hajiya, akwai fotashiyam a cikinta: tafin hannu biyu, a barbaɗa nesa da gindi a rufe da ƙasa.

Wani daga Funtuwa kuma yana neman sunan maganin feshin da zai hana fure zuba, ko nawa ne zai saya. Malam, riƙe kuɗinka. Furen farko-farko yawanci namiji ne, kwana ɗaya yake yi ya faɗi, haka Allah ya yi shi. Feshin da kake yi da safe ne ma ke kashe maka zuma. In dole sai ka yi saboda ƙwari, bari sai la'asar sakaliya, bayan fure ya rufe.

Mai tambaya kan kashin kaji ɗanye: a bar shi ya ruɓe tukuna, in ba haka ba zai ƙona saiwa.