Na san saɓa alkawari laifi ne amma na kasa bari: shin hali zanen dutse ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Zariya, shekarata 22 ina ɗinki. Matsalata saɓa alkawari. Hadisin alamomin munafuki na haddace shi tun ina Islamiyya, duk azumi ina tuba, amma sallah na matsowa sai in karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfina, ranar jajibere mutane su cika ƙofar shago ina ba su haƙuri. Bara wani yaro ya je idi da tsohuwar riga saboda ni, har yau abin yana ci mini rai. Maiɗakina ta ce hali zanen dutse, in haƙura, haka Allah ya yi ni. Gaskiya ne hali ba ya canzawa? Kuma me ya sa sanin da na yi bai hana ni ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi laifinka da bakinka. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce gindin ta farko.

Wannan tambaya ta girmi kakanninmu. Sokratis, masanin nan na birnin Atina a ƙasar Girka wanda aka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ganin babu mai aikata mugun abu yana sane. A wurinsa duk wanda ya yi ɓarna jahilci ne ya sa shi, da ya san alheri sani na haƙiƙa da ya bi shi. Aristotal, wanda littattafan Larabci suke kira Arisɗo, bai gamsu ba, domin kullum muna ganin masu sani suna take saninsu. Sai ya ce akwai bambanci tsakanin mallakar ilimi da amfani da shi a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ya kawo misalin wanda ya bugu yana rera baitocin hikima tiryan-tiryan, kalmomin suna bakinsa, amma ba su riƙe da linzaminsa.

To, ka duba naka. Hadisin yana nan a kanka ranar goma ga azumi, lokacin da tsohon kwastomanka ya shigo da leda, ya zazzage shadda kala uku a kan teburin yanka, ya ce na yara ne, kai kaɗai ya yarda da hannunka, ya ajiye kafin alƙalami. A wannan minti abin da ke gaban idonka shi ne fuskar mutumin da kake jin nauyinsa, da kuɗin da za su sayi shinkafar sallah. Ranar jajibere kuwa tana can nesa, ba ta da fuska ba ta da murya. Na kusa yana rinjayar na nesa a zuciyar ɗan Adam ko da na nesan ya fi girma. Shi ya sa ƙarin wa'azi kaɗai bai warkar da kai ba, don dama ba hukuncin ne ya ɓace maka ba.

Akwai kuma wani jahilci da Sokratis ya yi gaskiya a kansa, kuma ina zaton shi ne ya fi cin ka: rashin sanin kai. Ina kyautata zaton lokacin da kake cewa "ka zo ranar Laraba", har zuciyarka ka yarda za ka gama. A shekarar 1994 wani mai bincike, Roger Buehler, da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban wata jami'a a Kanada kwana nawa za su ɗauka su kammala kundin bincikensu. Matsakaicin abin da suka faɗa kwana 34 ne. Aka ce to in komai ya lalace fa? Suka ce kusan kwana 49. Da aka bi diddigi, sai da suka ci kwana 55 da ɗoriya. Wato ko mummunan zaton da suka yi wa kansu bai kai gaskiyar lamarin ba, kuma kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai suka gama a lokacin da suka ɗiba. Waɗannan ɗalibai ba su da wanda suke son yaudara. Mutum in zai auna gobe, yana auna ranar da ba a ɗauke wuta ba, yaron shago bai yi zazzaɓi ba, mai aikin wuya bai riƙe riga kwana uku ba, ba a yi rasuwa a unguwa ba. Ranar da ta tsira daga duk waɗannan ba ta cika zuwa ba. Shekara 22 kana ganin haka, amma duk azumi zuciya tana ce maka bana daban ne.

A kan tsoron munafunci, Imamun Nawawi ya yi bayanin cewa hadisin yana nufin waɗannan ɗabi'u ne na munafukai, mai yin su ya yi kama da su, ba wai ya zama munafukin da ke ɓoye kafirci ba. Wannan ya isa ya hana ka yanke ƙauna. Sai dai kada ya zama matashin kai, domin wanda ya ga lissafinsa ya ƙi fita sau ashirin, in ya sake yin alkawari a kan lissafin nan, uzurin "ban yi niyyar saɓawa ba" ya fara yin rauni.

Yanzu ga maganar maiɗakinka. Ban ce ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Hausawa ba su yi wannan karin magana a banza ba, kuma su ne dai suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ke nuna sun san tanƙwaruwar tana yiwuwa, wuya take ƙarawa da shekaru. A hadisi ma ɓangarorin biyu suna nan. Annabi (SAW) ya ce wa Ashajju na tawagar Abdul Ƙaisi yana da halaye biyu da Allah yake so, juriya da natsuwa, kuma a wata ruwaya da ya tambaya ko shi ya koye su ko an halicce shi a kansu, aka ce masa Allah ne ya halicce shi a kansu. Ga kuma hadisin da ke cikin Bukhari cewa wanda ya ɗora wa kansa haƙuri Allah zai ba shi haƙuri, wanda ya nemi kamewa Allah zai kamar da shi. Akwai abin da ake zuwa da shi duniya, akwai wanda ake nema da wahala.

Wanda ya fi warware mini wannan ƙulli shi ne Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, a babin horar da zuciya na littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Ya ce da hali ba ya canzawa, da wasiyya da wa'azi da ladabtarwa duk sun zama aikin banza. Ya ce ana horar da shaho ya saba da mutum, a horar da kare ya kame daga cin abin da ya kamo, a horar da doki mai tutsu ya bi linzami, to yaya za a ce mutum mai hankali ne kaɗai ba ya horuwa? Amma ya sa iyaka da misalin ƙwallon dabino: ba bishiya ba ne tukuna, in an kula da shi zai zama dabino, amma ko me aka yi masa ba zai zama tuffa ba. Don haka a wurinsa ba a tumɓuke fushi ko sha'awa daga zuciya, daidaita su ake yi su tsaya a tsakiya.

Wannan iyaka ita ce nake so ka riƙe. Daga wasiƙarka na fahimci kai mutum ne mai kunya da taushin zuciya, wanda "a'a" take yi wa nauyi a baki. Mai busasshiyar zuciya ba zai shekara yana tuna yaron da ya je idi da tsohuwar riga ba. Wannan taushin shi ne ƙwallon dabinonka, kuma ba na fatan ka rabu da shi. Abin da ya faru shi ne kunyar ta tsaya a kan wanda ke tsaye a gabanka yau, ta manta da shi wannan mutumin ranar da zai dawo ya tarar ba a ko yanka yadinsa ba. Saɓa alkawarin kuwa sabo ne da ya hau kan wannan kunya, kuma abin da sabo ya gina sabo yana iya rushe shi.

Kai ka fi ni sanin yadda ake yi. Ka tuna ranar da maigidanka ya fara zaunar da kai a kan keke. Ba zare, ba yadi, sai takardar buhun siminti. Ka taka, keken ya juya baya, allura ta bi inda ta ga dama, ƙafa da hannu kowa da nasa ra'ayi. Ya gaya maka yadda ake yi tun ranar farko, ka kuma gane, amma ganewar ba ta miƙar da layin ba. Yau kana ɗinka wuyan kaftani kana hira kana sauraren rediyo. Aristotal ya ce da gini ake zama magini, da aikata adalci ake zama adali. Ibnu Miskawaihi, masanin falsafa Musulmi wanda ya rasu a 1030, da Gazali bayansa, duk sun bayyana hali da cewa yanayi ne da ya zauna a zuciya har ayyuka suke fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba. Ƙafarka a kan keke ke nan. Harshenka ma ya yi shekara 22 yana koyon "ba damuwa, za a samu", har ya iya faɗarta kafin ka yi tunani. Sabuwar jimla zai koya, kuma da farko za ta fito a karkace kamar layinka na kan takardar siminti.

Kada ka sa ran sati ɗaya. Wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, wanda ya fito a 2009, ya bi mutum 96 masu ƙoƙarin saba wa kansu da ƙananan abubuwa irin shan ruwa ko motsa jiki, aka ga sabawar tana ɗaukar daga kwana 18 har zuwa 254. An kuma ga tsallake rana ɗaya ba ya rusa ginin. In ƙaramin abu ya ci haka, naka zai fi, don haka tun yanzu za ka fara, da ɗinkin suna da na biki, kafin guguwar azumi ta taso.

Abu guda nake roƙon ka da maiɗakinka: kada ɗayanku ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. Ita ta san abin da ka yi shekara da shekaru, kuma shaidarta gaskiya ce. Amma abin da za ka iya zama, ita ba ta gan shi ba, kai ma ba ka gan shi ba, domin ba ka taɓa gwada wata hanya ba sai tuba da niyya, ka koma shago da lissafin da ka saba. Kuma tunda zuciya ta nuna ba ta iya awon kanta ba, sai a karɓe tef ɗin daga hannunta a ba takarda.

Ka ɗauko littafin awonka na bara. Ka ƙirga kayan da ka gama ka miƙa kafin daren sallah, ban da waɗanda aka karɓa bayan an sauko idi. Wannan adadin shi ne ƙarfinka na gaskiya, ka rage masa kaɗan saboda ranakun da ba a shirya musu ba. Ka rubuta lambobi daga 1 zuwa wannan adadi a kwali, ka manna a bango inda kowa zai gani, duk kayan da ka karɓa ka soke lamba ɗaya a gaban mai su. Ranar da lambobi suka ƙare, in Alhaji ya shigo da ledarsa, ka tashi ka gaishe shi, ka nuna masa kwalin, ka ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, na cika. In na karɓa zan ba ka kunya ne." Sannan ka raka shi da ƙafarka zuwa shagon wani telan da ka yarda da aikinsa. Allah ya dafa maka.