Amsa kan jiri da tashin zuciya: wane lilo ya kamata mai irin wannan jiki ya hau?

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, inda kika ce tun kina ƙarama mota take tayar miki da zuciya, musamman idan kika zauna a kujerar baya ko kika duƙufa kan waya, kuma ga shi za ki kai yaranki wurin shaƙatawa na Epcot da ke jihar Fulorida ta Amurka, suna ta roƙon ki shiga Mission: SPACE, lilon da ke kwaikwayon tafiya sararin samaniya a kumbo, tare da su, ke kuwa kin rasa wanda za ki zaɓa tsakanin ɓangaren kore mai sauƙi da na ruwan lemo mai ƙarfi. Ni ma irin jikinki gare ni, kuma na shafe shekaru ina raka 'ya'yana wuraren shaƙatawa masu lilo, saboda haka zan gaya miki abin da na sani, wani a jikina na koye shi, wani kuma a karatu.

Shawarata ita ce ki shiga na kore. Amma ina so ki san dalili, domin dalilin ne zai yi miki amfani a gaban kowane lilo da za ki tarar a ranar.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne auna lilo da yawan tsoron da yake ba ni. Idan na ga dogo ne, mutane suna ta ihu a kansa, sai in ce wannan ya fi ƙarfina, idan kuwa na ga ƙananan yara a layinsa sai in saki jiki. Wata rana a wani wurin shaƙatawa babban ɗana ya lallashe ni na hau irin jirgin nan mai gudu a kan dogo, mai hawa can sama ya gangaro. Gabana ya faɗi ƙwarai, na sauko ƙafafuna suna rawa, amma cikina lafiya lau. Bayan kamar rabin sa'a ƙaramar 'yata ta ja hannuna zuwa lilon nan mai siffar kofunan shayi, wanda kowane kofi yake juyawa a kan kansa, faifan da ke ɗauke da su kuma yana nasa juyin. Duka-duka bai wuce minti biyu ba. Tun kafin ya tsaya na ji yawu yana taruwa a bakina, wani gumi mai sanyi ya keto min a goshi da ƙeya, na kama hamma ba ƙaƙƙautawa. Na fi sa'a guda zaune a kan benci na dafe kai, yarinyar tana riƙe da gorar ruwa tana tambayata ko ita ce ta jawo, kuma har muka koma masauki kaina bai daina nauyi ba. Daga ranar na gane cewa tsoro daban, tashin zuciya daban, kuma lilon da yake kawo ɗaya ba lalle ne ya kawo ɗayan ba.

Tushen abin yana can cikin kunne. A kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda suke gane juyawar kai, sannan akwai wasu ƙananan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙwayoyi kamar tsakuwa, waɗanda suke gane karkata da ƙaruwar gudu ko raguwarsa. Ƙwaƙwalwa tana haɗa saƙon kunne da na ido da na gaɓoɓi, ta kwatanta su da abin da ta saba. Idan saƙonnin suka saɓa wa juna, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Wannan shi ne bayanin da masana suka fi karɓa, wanda James Reason da abokin aikinsa Brand suka shimfiɗa a littafinsu na 1975. Shi ya sa duba waya a mota yake damun ki: idonki yana kan abin da ba ya motsi, kunnenki kuwa yana jin kowace kwana da kowane burki. A 1977 wani masani mai suna Michel Treisman ya kawo hasashen cewa ƙwaƙwalwa tana ɗaukar wannan ruɗani a matsayin alamar an ci guba, shi ya sa take umartar ciki ya fitar da abin da ke cikinsa.

Akwai wani labari da ya tabbatar min cewa matsalar daga kunne take, ba daga raunin zuciya ba, kuma ina yawan ba da shi ga masu ce mana ragwaye. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1968, hukumar binciken sararin samaniya ta NASA da rundunar sojan ruwan Amurka sun yi gwaje-gwaje da wasu kurame 11 daga kwalejin Gallaudet da ke Washinton, waɗanda akasarinsu sanƙarau ne ya lalata musu cikin kunne tun suna yara. An sa wasunsu a ɗaki mai juyawa na kwana 12, an kuma fita da su a jirgin ruwa cikin teku mai tsananin igiya a gaɓar Nova Scotia ta ƙasar Kanada, inda masu binciken da kansu suka galabaita da amai, su kuwa kuramen ko a jikinsu.

Yanzu ki dubi yadda Mission: SPACE yake aiki. An buɗe shi a 2003, kuma da farko nau'i ɗaya ne kawai, mai ƙarfin, sai a 2006 aka ƙara mai sauƙin. A ɓangaren ruwan lemo, ɗakin da mutum huɗu suke zama a ciki yana maƙale ne a jikin wani babban inji mai juyawa da sauri kamar katantanwa, kuma wannan juyin ne yake danne mutum a kujera da ƙarfin da ya kai ninki biyu da rabi na nauyinsa, wato mai kilo 60 zai ji kamar kilo 150 ne. Wanda ke ciki ba ya ganin juyin, domin allon da ke gabansa yana nuna masa cewa kumbo ne yake tashi sak zuwa sama. To, ga saɓanin nan a fili: ido yana cewa gaba ake yi, jiki kuwa zagaye yake yi. Muddin kai yana jingine ba ya motsi, mutane da yawa suna wucewa lafiya. Amma da zarar an waiwaya ko an sunkuya alhali injin yana juyi, ruwan bututun kunne yana karɓar motsi ta fuskar da bai zata ba, nan take mutum ya ji kamar an wuntsula shi. Wannan ne dalilin da ya sa ake ta nanata wa masu shiga cewa su jingina kai, su kalli gaba, kada su rufe ido, kuma shi ya sa aka ajiye jakunkunan amai a cikin ɗakin.

Abin da ya fi damuna game da ke shi ne cewa ke uwa ce, kuma da yaranki za ki shiga. Idan yaro ya yi ƙara a gefenki a daidai lokacin da injin ya ɗauki gudu, babu gargaɗin da zai hana ki juyawa ki dube shi, kuma wannan juyawar ita ce ainihin abin da ake gudu.

A ɓangaren kore ɗakin iri ɗaya ne, da allo da maɓallai da aikin da ake ba kowa, yana kuma karkata yana girgiza, amma ba a juya shi, don haka babu wannan dannewar. Tun gyaran da aka yi a 2017, na kore yana zagaya duniya ne, na ruwan lemo kuma yana tafiya duniyar Mars. Na shiga na kore na fito lafiya, har na ji daɗin kallon. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, ɗakin matsattse ne, allon yana matsowa dab da fuska bayan an rufe, kuma wanda ƙuntataccen wuri yake sa wa fargaba zai iya jin ba daɗi ko da babu juyi.

Ga sauran lilon da za ki gani, tambayar da nake yi wa kaina a bakin layi ita ce wane irin motsi yake yi, kuma na tsawon wane lokaci. A jikina, mafi muni shi ne mai juyi a kan juyi, sai mai kai da komo kamar shillo wanda yake maimaita motsi ɗaya sau da yawa, sai mai tafiya da baya. Bayansu akwai masu babban allo da tabarau na 3D, inda kujera take ɗan motsi kaɗan, hoto kuwa yana nuna ana sheƙa gudu. A irin waɗannan rufe ido na 'yan daƙiƙoƙi yana taimaka min sosai, domin da hoton ya ɓace saɓanin ya ragu. Jirgin dogo da ke fili ya fi min sauƙi duk da ban tsoronsa, saboda ina ganin hanyar a gabana, ƙwaƙwalwata tana shirya wa kwana kafin ta zo, iska tana bugun fuskata, kuma ba ya daɗewa. Dalilin da ya sa direba bai cika yin amai a motar da yake tuƙawa ba ke nan. Kafin ki shiga kowane layi, ki tsaya ki kalli lilon ya yi zagaye ɗaya cikakke, ki kuma dubi fuskokin masu saukowa. Wanda yake a rufe cikin gini, ki tambayi ma'aikacin da ke ƙofa kai tsaye ko yana juyi.

Wani abu da ban gane da wuri ba shi ne cewa wannan jirin taruwa yake yi. Lilo na farko yana iya wucewa lafiya, na biyu ya bar ɗan nauyi a kai, na uku wanda bai kai su ƙarfi ba ya zama shi ne ya kayar da mutum. Amai kuwa shi ne ƙarshen al'amari, akwai alamun da suke riga shi zuwa: hamma, yawan yawu, gyatsa, jin ɗumi a fuska sannan gumi mai sanyi, da wata irin kasala mai kama da barci. Idan kika ji ko da biyu daga cikinsu, ki dakata, ki nemi inuwa ki zauna, ki kafa ido a kan abu mai nisa da ba ya motsi, ki riƙa jan numfashi a hankali, kina kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Kada ki ce bari in ƙara ɗaya tunda layin gajere ne. Na yi haka sau ɗaya, kuma yinin gaba ɗaya ya tafi.

Game da magani, akwai masu aiki, amma rigakafi ne, ba su cika amfani ba idan zuciya ta riga ta tashi. Dimenhydrinate, wanda ake sayarwa da sunan Dramamine, ana shan sa minti 30 zuwa sa'a ɗaya kafin a fara, meclizine kuma kamar sa'a ɗaya kafin. Akwai filastar hyoscine da ake mannawa a bayan kunne aƙalla sa'a 4 kafin lokaci, tana aiki har kwana 3, amma wannan sai da izinin likita, ba ta dace da mai cutar hawan jinin ido ba, tana busar da baki, kuma dole a wanke hannu bayan an taɓa ta don kada ta shiga ido. Dukkansu suna iya sa barci, don haka ki gwada a gida kwanaki kafin tafiyar, ki ga yadda jikinki zai karɓa, kada kuma ki sha idan ke ce za ki tuƙa mota. Sababbin magungunan atishawa da ƙaiƙayi marasa sa barci, irin su cetirizine da loratadine, ba sa maganin wannan matsala, kada ki dogara da su. Citta tana yi wa wasu amfani, ni ma ina riƙe alewarta a jaka, ko da yake sakamakon binciken da aka yi a kanta bai zo ɗaya ba. Kada a ba yaro ko ɗaya daga cikin waɗannan sai an tambayi likita ko mai harhaɗa magunguna.

Kada ki shiga da yunwa, kada kuma ki shiga bayan cin abinci mai nauyi ko mai maiƙo. Rashin barci da zafin rana da ƙishirwa duk suna rage juriya, kuma Fulorida wuri ne mai zafi da gumi.

Akwai wani gargaɗi da ya kamata ki raba shi da batun tashin zuciya gaba ɗaya. Allon da ke bakin lilo masu ƙarfi yana hana mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon baya ko wuya, da mai juna biyu. Tashin zuciya wahala ce mai wucewa, wannan kuwa batun lafiya ne na gaske, kuma babu ƙwayar amai da take kare mutum daga gare shi. Idan ɗaya daga ciki ya shafe ki, maganar ruwan lemo ta ƙare. Haka nan idan kina fama da ciwon kai na ɓari ɗaya, ki sani cewa masu shi sun fi saurin kamuwa da jirin motsi.

Su ma yaran ki sa musu ido, domin matsalar ta fi yawa tsakanin shekara 6 zuwa 12, kuma tana bin jini, ɗan mai ita ya fi kusa da samun ta. Yaro yakan ɓoye don kada 'yan'uwansa su yi masa dariya, amma za ki ga ya yi shiru, fuskarsa ta canza, yana hamma. Akwai kuma ƙa'idar tsawo: na kore sai mai inci 40, kusan santimita 102, na ruwan lemo kuma inci 44, kusan santimita 112.

Da ni ce ke, zan gaya wa yaran tun a masauki cewa na kore za mu shiga tare, don kada a yi ta ja-in-ja a bakin ƙofa. Zan shiga da safe bayan karin kumallo mara nauyi, kafin wani lilo ya taɓa min kai, in na fito in zauna minti 20 ina sauraren jikina. Idan babban yaron ya nace sai na ruwan lemo, ya shiga da wani babba da abin ba ya damun sa, ki tuna masa ya jingina kai ya kalli gaba, ke kuma ki jira su a bakin fita. Idan kuwa kin riga kin shiga layi sannan kika ji hankalinki bai kwanta ba, ki gaya wa ma'aikaci kafin a rufe ƙofa, zai nuna miki hanyar fita. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.