Agogon da ba ya cin batir: amsoshin wasiƙunku daga Jidda, Makka da Madina

Assalamu alaikum. Yawancin wasiƙun wannan makon a kan agogon hannu mai inji suka zo, wato wanda ba a sa masa batir, ko dai a wana shi da yatsu, ko kuma motsin hannun mai shi ya riƙa wana shi. Na haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna wuri ɗaya.

Wani direba daga unguwar Sabil a Jidda ya ce: "Na ware riyal 600. Na gaji da agogon da batirinsa ke mutuwa ba sallama. Wanne zan saya da zan riƙa ɗaurawa kullum?"

Malam, kafin in ambaci suna, ka fara sanin halin abin da za ka saya. Agogon inji bai kai na batir kiyaye lokaci ba. Ƙaramin Casio na roba kuskurensa ba ya wuce rabin minti a wata. Shi kuwa injin Seiko mai lamba 4R36, kamfanin da kansa ya rubuta cewa yana iya yin gaba da sakan 45 ko ya yi baya da sakan 35 a rana ɗaya. Da yawansu sun fi haka daidai, amma ka sa a ranka za ka riƙa gyara shi da wayarka duk ranar Juma'a. Idan ka cire shi ka ajiye, bayan kamar awa 40 zai tsaya. In ka yarda da wannan, to ka nemi Seiko 5, ko Orient, ko Citizen. Tun 1963 ake yin Seiko 5, kuma da wuya ka sami mai gyaran agogo a Balad, tsohon garin Jidda, da bai san cikinsa ba. Tsohon samfurin mai injin 7S26 shi ne zai fi dacewa da kuɗinka, sai dai ba a wana shi da maɓallin gefe. In ya tsaya, girgiza shi ake yi a hankali hagu da dama na kamar rabin minti, sannan a ɗaura. Mai 4R36 ana wana shi da hannu, hannun sakan ɗinsa kuma yana tsayawa in an ja maɓallin, amma ya fi tsada. Tunda kai mai zaman mota ne, hannunka ba ya motsi kamar na ɗan dako, in ka sami mai wanuwa da hannu ka murɗa shi sau 20 zuwa 30 da safe. Ka ɗauki mai sarƙar ƙarfe. Maɗaurin fata ba ya jure gumin Jidda, kafin rani ya wuce zai yi wari ya tsage. Faɗin milimita 37 zuwa 40 ya isa, zai shige ƙarƙashin hannun jallabiya ba tare da ya sarƙe ba.

Wani ɗalibi a Madina ya rubuto hankalinsa a tashe: "Mahaifina ne ya ba ni agogonsa da zan taho karatu. Kwana huɗu ke nan yana gudu da minti shida a rana. Ban yar da shi ba, bai jiƙe ba. Ina tsoron na lalata amanar da ya ba ni."

Ɗana, kwantar da hankalinka, in sha Allahu ba abin da ka lalata. Agogon da ke tafiya daidai, rana ɗaya ya kama gudu da mintoci ba tare da ya faɗi ba, galibi maganaɗisu ne ya kama shi. A cikinsa akwai wani siririn sifirin da bai fi kaurin gashi ba, a naɗe kamar gammo, yana buɗewa yana rufewa, shi ke auna lokaci. In maganaɗisu ya shige shi sai zagayen su manne da juna, ya zama kamar an gajarta shi, agogo ya kama sauri. Ka tuna inda kake ajiye shi da dare. A kan waya? Kusa da sifika? A kan murfin kwamfutar hannu mai kamawa da kansa? Duk waɗannan suna da maganaɗisu. Ka sami kamfas ɗin duba alƙibla mai allura, ka ajiye a ƙasa, ka matso da agogon kusa da shi sannu a hankali. In allurar ta juya sosai tana bin agogon, ka gano ciwon. Mai gyara yana da ɗan akwatin cire maganaɗisu, aikin bai kai minti ɗaya ba, ba ma sai an buɗe agogon ba. Kada ka yarda wani ya buɗe ya taɓa ɗan hannun da ke rage gudu kafin a yi wannan gwajin, garin gyaran gira ake rasa ido. Allah ya yi wa mahaifinka albarka, kai ma haka.

Yanzu ga wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai. Wani Alhaji daga Shara Mansur a Makka ya ce: "An yi mini tayin Rolex da Rado masu inji, riyal 70 kowanne in zan ɗauki ashirin. Akwai kuma Seiko 5 a kwalinsa riyal 90. Ina so in kai tsaraba gida. Mai kayan ya rantse Seikon asli ne."

Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma wannan ba tambaya ba ce da babba kamarka zai yi. Ka fi ni sanin cewa ba a sayar da Rolex riyal 70, ko sarƙarsa kaɗai ba ta zo nan ba. Abin da kake nema shi ne in ce maka ba komai, ni kuma ba zan faɗa ba. Riyal 1,400 za ka zuba a kan ƙarfen da za ka ɗaura wa ƴan uwanka, su yi ta murna suna cewa daga Makka ya zo, bayan wata uku ruwan zinaren ya kore, ya bar musu shacin kore a wuyan hannu. Injin da ke ciki an haɗa shi ne ba wanki, wani ko ɗigon mai babu, kuma in ya tsaya ba mai gyaran da zai ɓata lokacinsa a kai. Araha ba ta ado. Da wannan kuɗin za ka sayi agogo biyu na gaskiya ka ba mutum biyu da za su mora shekaru, ko ka sayi ƙananan Casio na asali ka raba, sauran ka cika da dabino. Wanda ka ba jabu ba tare da ka faɗa masa ba, shi ma zai iya sayar wa wani a matsayin na gaske, ha'incin ya yi ta tafiya da sunanka a gindinsa. Hadisin nan da ke cikin Sahihu Muslim, cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, ba ƴan kasuwa kaɗai ya shafa ba.

Shi kuwa Seikon riyal 90 ya fi Rolex ɗin haɗari, domin shi ne ke yaudarar masu hankali. Mutum yana ganin ai ba wanda zai wahalar da kansa ya yi jabun agogo mai araha. Ana yi, kuma da yawa. Kala biyu ne. Akwai sabon da aka ƙera daga farko aka buga masa sunan. Akwai kuma tsofaffin injuna da aka tsinto daga matattun agogai, aka zuba a sabon gida, aka yi wa fuskar fenti mai ɗaukar ido, ja ko kore ko ruwan lemo. Irin waɗannan sun yi suna daga Indiya suke fitowa, suna cika shafukan saye da sayarwa. Ga abin da za ka duba, kai da duk mai karanta wannan. Juya bayan agogon, za ka ga lambar inji da ta gida a haɗe, misali 7S26 sannan layi sannan wasu huɗu. Ka dawo fuskar, can ƙasa kusa da ƙarfe shida akwai rubutu ƙanana ƙwarai, dole lambar injin da ke nan ta zama ɗaya da ta baya. In bayan gilashi ne, ka leƙa farantin nan mai siffar rabin wata da ke juyawa, a na asali akwai sunan kamfani da lambar inji a jikinsa, rubutu tsaf. Akwai kuma lambar agogon ta kansa mai guda shida, ta farko tana nuna ƙarshen shekarar da aka yi shi, ta biyu tana nuna wata, inda Oktoba da Nuwamba da Disamba suke zuwa da harafin O da N da D. In ka ga agogo biyar a tire ɗaya duk lambarsu ɗaya, ka ajiye ka yi gaba. Ka dubi alamar 5 ɗin da sunan kamfanin, in akwai wanda ya karkace ko ka ga gam a gefe, an gama magana. Kwali ba hujja ba ne, ana sayar da shi daban. Rubutun cewa a Japan aka yi shi ma ba hujja ba ne, domin akwai Seiko 5 na gaskiya da aka haɗa a wasu ƙasashe, masu jabu kuma su suka fi kowa son buga wannan rubutun.

Rantsuwar mai kaya kuma ba ta maye gurbin fatura, wato rasit. Tun Disamba 2021 doka ta wajabta wa shagunan da ke karɓar harajin kashi 15 su ba da fatura ta na'ura mai lambar nan da ake haskawa da waya. Ka karɓi taka, ka karɓi katin damani, wato garanti, mai hatimin shago, ka tabbata lambar agogon ce aka rubuta a kai. Wanda ya ce zai rage maka in ka haƙura da fatura, ya gaya maka gaskiyar kayansa ke nan. In kuma an riga an cuce ka a shago, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi ta lamba 1900. Wanda ya saya a bakin titi bayan sallar isha'i kuwa, ba shi da wanda zai kama.

Wani ya tambaya ko duwatsu 21 da aka rubuta a fuskar agogonsa za su yi kuɗi in ya ciro su ya kai kasuwar zinariya. A'a. Yaƙutu ne na masana'anta, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, an sa su ne don kada ƙarfe ya ci ƙarfe a inda ƙafafun inji ke juyawa. Ba mai saye, kuma ka kashe agogonka a banza. Kada ka sake kawo wannan tunanin.

Wata Hajiya daga Karantina a Jidda ta ce: "Agogon maigidana yana yin hazo ta cikin gilashi, musamman in ya fito daga mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki). An rubuta mita 30 a bayansa, shi kuma alwala kawai yake yi da shi."

Hajiya, madalla da kika lura da wuri. Rubutun mita 30 ba yana nufin a shiga ruwa da shi ba, iyakarsa fantsalar ruwa. Mai mita 100 ne ake iyo da shi, shi ma in robobinsa na da rai. Akwai zoben roba a murfin baya, akwai wani a maɓallin gefe, zafi da sabulu da turare suna busar da su har su tsage. Alwala sau biyar a rana ƙarƙashin famfo, ga ruwan tanki da rana ta dafa, ya fi ƙarfin tsohuwar roba. Dama ai sai ruwa ya taɓa fata har gwiwar hannu, don haka ya cire shi ya sa a aljihu, ya huta ta kowane ɓangare. Hazon da ya bayyana ya ɓace nan take in an fita daga sanyi zuwa zafi, in ta waje yake ba komai. In ta ciki ne, har ana ganin ɗigo-ɗigo, ruwa ya shiga, kuma tsatsa ba ta jiran ƙarshen wata. Ya kai shi yau ko gobe a buɗe, a busar, a sauya robobin. Kada a tura shi cikin shinkafa, kada a shanya shi a gaban mota. Ki kuma ce masa ya fesa turarensa ya bushe tukuna kafin ya ɗaura agogo. In ya shekara biyar ko fiye ba a taɓa wanke injin an sa sabon mai ba, a yi duka lokaci ɗaya. Ya tambayi kuɗin kafin a fara, domin a ƙananan injunan Seiko sau da yawa sauya injin ɗungurungum ya fi wankinsa sauƙi.

Ta ƙarshe daga wani tela a Misfala ta Makka: "Zan iya sa kwanan watan Hijira a ɗan tagar agogona? Na gwada da dare sai na ji ya cije."

Za ka iya, Malam, amma faifan kwanan wata 31 gare shi. Ko a lissafin Miladiyya sai an tura shi da hannu sau biyar a shekara, ƙarshen Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba. Watan Hijira kuwa 29 ne ko 30, don haka duk wata sai ka gyara shi bisa kalandar Ummul Ƙura. Cijewar da ka ji gargaɗi ne. Daga ƙarfe tara na dare zuwa huɗu na asuba haƙoran da ke juya kwanan wata sun riga sun kama faifan, in ka tilasta shi da maɓalli a wannan lokacin kana iya karya haƙori. Ka ja maɓallin zuwa ƙarshe, ka juya hannayen su wuce sha biyu ka ga ko kwanan ya sauya, don ka san dare ne ko rana a wurin agogon. Ka tsayar da su a ƙarfe shida na safe, ka mayar da maɓallin mataki na farko, ka sa kwanan da ranar, sannan ka daidaita lokaci. A yawancin waɗanda ake kawowa ƙasar nan sunayen ranaku suna zuwa da Larabci da Turanci a jere, in ka zaɓi Larabcin zai ci gaba da fitowa da kansa kowace safiya. In bayan wannan kwanan yana tsayawa rabi a taga, to haƙorin ya taɓu, ka kai wa mai gyara, kada ka ƙara murɗawa.